Littafin aiki: kwashe tsofaffin nagatif zuwa kwamfuta da kyamara

11 ga Janairu

Na tsayar da shawara, da kyamara zan yi aikin nan. Akwatin nagatif ɗin gidanmu fim mai 35mm ne zalla, mafi yawansu masu launi, kaɗan baƙi da fari, sai wasu hotuna da aka wanke a takarda waɗanda nagatif ɗinsu ya salwanta. Abin da nake so shi ne kwafi mai amana na kowane hoto, yadda yake a jikin fim ɗin, tun kafin lalacewa ta ƙara cin sa.

Na yi tunanin sikana irin ta kan tebur. Tana cin mintuna a kan hoto guda, kuma lambar da ake rubutawa a kwalinta ta fi abin da gilashinta ke iya rarrabewa nesa ba kusa ba. Kyamarata marar madubi ce, megafiksel 24, wato fiksel 6000 a tsawo da 4000 a faɗi. Hoton fim kuwa milimita 36 ne da 24. Idan na cika idon kyamarar da hoto guda, kowace milimita za ta samu fiksel kusan 167, sama da 4200 ke nan a inci ɗaya. Wannan ya wadatar da fim ɗin da aka ɗauka da ƙananan kyamarori na hannu.

Sensar kyamarar, wato farantin da ke karɓar haske a cikinta, mai girman APS-C ce, kimanin milimita 23.5 da 15.6, ta fi hoton fim ƙanƙanta. Saboda haka ba na bukatar lensin da ke kawo abu daidai girmansa, wanda ya kai kashi biyu cikin uku ya isa. Kayan da suka rage in nema: hanyar matsowa kusa, fitila mai shimfiɗaɗɗen haske, da abin riƙe fim.

14 ga Janairu

Zobban da ake sa wa tsakanin kyamara da lensi sun iso. Babu gilashi a cikinsu, nisanta lensin da sensa kawai suke yi don ya iya ganin abu na kusa. Na gwada da lensina mai 50mm. Tsakiyar hoto ta fito da kaifi, gefuna kuwa sun yi dishi-dishi. Lensin ɗaukar mutane ba a ƙera shi don shimfiɗaɗɗen abu a tazarar tafin hannu ba. Zan nemi tsohon lensin makro na hannu, irin wanda aka ƙera don ɗaukar abu na kusa, ko da ba ya saita kansa, tunda fim ba ya motsi.

18 ga Janairu

Ranar fitila ce yau, kuma ta ba ni wahala.

Na fara da allon waya, na buɗe farin shafi na ɗora fim a kai. Ido bai ga komai ba, amma kyamara ta gani: layukan fiksel na allon sun fito a bayan hoton kamar saƙar raga. Da na ɗaga fim ɗin sama da allon da 'yan santimita sai saƙar ta narke, amma hasken ya yi rauni, kuma allon bai kai faɗin da zai haska gefuna daidai da tsakiya ba.

Na koma kan wata ƙaramar fitilar LED ta zanen hoto da nake da ita. Faɗinta ya yi, sai dai matsala biyu. Ta farko, duk lokacin da na rage haskenta sai ratsi-ratsi su bayyana a hoton. Irin waɗannan fitilu ba rage ƙarfin wuta suke yi ba, kunnawa da kashewa suke yi da saurin da ido ba ya kamawa, ita kuwa sensa layi bayan layi take karantawa, sai wasu layukan su faɗa lokacin da fitilar take a kashe. Maganin wannan mai sauƙi ne: a bar ta a cikakken haske, a sassauta saurin ɗauka zuwa 1/30 na daƙiƙa ko ƙasa.

Ta biyun ita ce babba. Farin LED mai araha yawanci shuɗin haske ne da aka lulluɓe da sinadari mai fitar da rawaya, ja mai zurfi kaɗan ne a cikinsa. Ma'aunin da ake kira CRI shi ke nuna yadda fitila ke fito da launuka, 100 ne ƙololuwa, kuma masu wannan aiki sukan nemi 95 zuwa sama. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne lambar da ke jikin kwali matsakaicin launuka takwas ne masu sanyi, babu ja mai ƙarfi a cikinsu. Shi ana auna shi daban da sunan R9. Fatar mutum kuwa, kowace iri ce, tana bukatar jan nan. Na yi odar fitilar da aka rubuta duka lambobin biyu a bayaninta.

21 ga Janairu

Lensin makro ya zo, tsoho ne amma gilashinsa tas. Shi ya fi komai cin kuɗi a aikin nan zuwa yanzu, ya tafi da fiye da rabin abin da na ware. Fitila ma ta iso. Ban ɗauki komai ba, na goge kaya na jera.

25 ga Janairu

Kyamara tana kallon ƙasa a kan ƙafarta, fitila a ƙasa, fim a tsakani. Hotunan farko, ɓangaren hagu da kaifi, dama a dushe. A wannan kusanci zurfin wurin da ke fitowa da kaifi bai kai milimita ɗaya ba, don haka ɗan karkacewa kaɗan ya isa ya ɓata gefe guda.

Dabarar da ta yi aiki ita ce ta madubi. Na kwantar da ƙaramin madubi a daidai inda fim zai zauna, na leƙa allon kyamara, na yi ta gyara ƙafar har sai da hoton lensin kansa ya zauna a tsakiyar allon cif. In ya zauna a tsakiya, sensa da madubi suna fuskantar juna sak. Wannan ta fi ma'aunin ruwa, domin shi ƙasa yake aunawa, ni kuwa fim nake so in daidaita da shi.

Sai ƙofar haske. Da farko na ɗauka matse ta zuwa f/16 zai rufe duk wani kuskuren saiti, amma gwaji ya nuna akasin haka, hoton gaba ɗaya ya yi laushi. Haske idan ya bi ta ƙaramin rami bazuwa yake yi, kuma a kusa lambar da ke jikin lensi ba ita ce ta ainihi ba. A girman da nake ɗauka, f/8 tana aiki kamar f/13. Na zauna a tsakanin f/5.6 da f/8, ISO, wato ƙarfin amsa hasken sensa, a mafi ƙanƙanta, da jinkirin daƙiƙa biyu bayan danna maɓalli don girgizar hannu ta lafa. Saitin kaifi kuwa a kan ƙwayoyin fim nake yin sa bayan na ƙara girman allon, ba a kan fuskar mutum ba. Fuska tana iya kasancewa a dushe tun daga ranar da aka ɗauka. Ƙwayoyin ba sa yin haka.

1 ga Fabrairu

Juya launi. Baƙi da fari ba wuya, a juya, a gyara duhu da haske, shi ke nan. Mai launi kuwa da na juya shi kai tsaye sai komai ya koma shuɗi, har fuskoki.

Dalilin shi ne ruwan lemon da ke jikin nagatif ɗin. Fim irin wanda ake wankewa da tsarin C-41, wanda Kodak ta fito da shi a 1972, rini uku ne a jere: ruwan bula, ja mai ɗaukar shunayya, da rawaya. Biyun farko ba su da tsafta, suna shanye wani haske da bai kamata su taɓa ba. Sai masu ƙira suka sa wani launi a cikin fim ɗin da ke cike giɓin, mai yawa a inda rinin ya yi kaɗan, kaɗan a inda ya yi yawa. Shi ne lemon da muke gani. Tunda ba daidai yake a ko'ina ba, ba a cire shi da jan sandar gyara ɗaya a manhaja.

A nan na ga amfanin RAW da idona, wato ɗanyen fayil ɗin da kyamara ke adanawa yadda sensa ta karanto shi. JPEG, wanda aka tsara tun 1992, matakai 256 yake ba kowane launi. Fayil ɗin RAW na kyamarata mai bit 14 ne, matakai 16,384. Hoton da ke cikin nagatif a matse yake cikin ɗan ƙaramin yanki na waɗannan matakai, kuma juyawa na nufin a miƙa yankin nan har ya cika. Da na miƙa JPEG, sararin sama ya kasu gida-gida kamar matakalar bene. RAW ɗin ya miƙu lafiya.

Manhajar da nake amfani da ita darktable ce, kyauta take, kuma tun 2020 tana da sashe na musamman don nagatif mai suna negadoctor. Tsarin da na zauna a kai: in daidaita fari a kan fitilar ita kaɗai ba fim, in kashe sassan da ke ƙara wa hoto armashi da kansu, sannan in ɗebo launin gefen fim inda haske bai taɓa ba. Wannan gefen shi ne ma'auni. Saboda shi yanzu nake barin ɗan gefe a kowane hoto, ko da zai rage min fiksel. Na leƙa RawTherapee ma, tana da irin wannan sashe kuma ta fi saurin ba da sakamakon farko, amma na fi jin hannuna a darktable. Akwai Negative Lab Pro da mutane ke yabo, sai dai a cikin Lightroom take aiki, kuma ba na son aikin shekaru ya rataya a kan biyan kuɗin wata-wata.

Abu ɗaya kuma: lemon nan yana tare shuɗin haske, don haka shuɗi ne ke isa sensa da rauni, kuma shi ke kawo hayaniya bayan juyawa. Na ƙara hasken ɗauka har gefen fim ya kusa ƙurewa, hayaniyar ta ragu sosai.

4 ga Fabrairu

Aiki ya miƙa. Nadin fim guda yana ɗaukar ƙasa da rabin awa a ɗauka. Gyaran launi ne ke cin dare.

9 ga Fabrairu

Na yi asarar aikin yamma guda cur.

Na sa sabon katin memori da aka rubuta 128GB a jikinsa. Kyamara ta karɓe shi, ta nuna sarari mai yawa, na yi ta ɗauka kwanaki ba matsala. Jiya da na zo kwashewa, fayilolin farko sun buɗe, na baya kuwa sunayensu na nan, girmansu na nan, amma babu hoto a ciki. Na sauya abin karanta kati, na sauya kwamfuta, duk ɗaya.

Na gwada shi da H2testw, wata ƙaramar manhaja da ke cika kati da bayanai har baki sannan ta karanta su ta gani ko sun dawo yadda ta rubuta. Masu Linux da Mac suna da f3 mai irin wannan aiki. Sakamakon ya nuna wajen 30GB ne kawai na gaskiya. Katin jabu ne, an sauya abin da yake gaya wa na'ura game da girmansa. Duk abin da aka rubuta bayan ainihin sararin ya cika, iska ya bi. Muguntar abin ita ce ba ya nuna alama sai ya cika, lokacin da mutum ya riga ya saki jiki da shi.

Sauƙin da na samu shi ne nagatif ɗin suna nan, zan sake ɗauka. Na yi ta tunanin wanda irin wannan kati ya faɗa hannunsa a ranar da ba ta maimaituwa. Daga yau kowane sabon kati sai ya wuce gwajin nan kafin ya shiga kyamara. Mai sayarwar ya karɓi kayansa ba gardama.

Tunda na shiga maganar kati, na karanta alamomin da ke jikinsu da kyau. V30 na nufin ba zai gaza rubuta 30MB a daƙiƙa ba. UHS-I iyakarsa 104MB a daƙiƙa, UHS-II mai layi biyu na ƙarfe a baya yana kai 312. Ga mai ɗaukar hoto ɗaya ya jira ya matsar da fim, duk wannan gudu ba shi da amfani.

12 ga Fabrairu

Na haɗa kyamara da kwamfuta da wayar USB, hoto na sauka kai tsaye a folda. Ganin sa a babban allo nan take ya sa nake kama ƙura da karkacewa tun fim na kan fitila. Batir na saurin ƙarewa a haka, na sayi wanda ake jonawa da wutar bango. Na maimaita naɗin da suka ɓata.

16 ga Fabrairu

Ƙura ita ce inda sikana ta fi kyamara, dole in faɗi gaskiya. Sikanonin fim da yawa suna da fasahar Digital ICE, suna haska fim da hasken da ya wuce ja wanda ido ba ya gani. Hasken yana ratsa rini amma ƙura da karce suna tare shi, sai na'ura ta san inda za ta gyara. Ba ya aiki a kan baƙi da fari na asali saboda azurfar da ke cikinsa ita ma tana tare hasken. Ni dai ba ni da ko ɗaya. Abin hura iska na roba, buroshi mai laushi, safar hannu, sai haƙuri.

Wasu fim ɗin sun nannaɗe, na danne su da gilashi don su kwanta. Sai ga wasu zobba masu launin bakan gizo a kan hoton, waɗanda ake kira zobban Newton. Suna fitowa ne idan ɓangaren fim mai sheƙi ya kusa manne da gilashi, hasken da ke dawowa daga fuskokin biyu ya yi karo. Na cire gilashin, na koma abin riƙewa mai kama fim ta gefuna kawai.

A ƙasan akwatin na tarar da wata ambulan mai tsamin wari. Fim ɗin cikinta sun fara lanƙwashewa. Wannan ita ce cutar fim mai gindin asitet: zafi da laima suna sa ya fara sakin asid, asid ɗin kuma yana ƙara hanzarta ruɓewar, har ya shafi na kusa da shi. Ba a mayar da shi baya. Na ware su a wani wuri mai sanyi da iska, na kuma sa su gaban layi. Su zan ɗauka gobe kafin komai.

22 ga Fabrairu

Hotunan takarda. Na gwada PhotoScan ta Google a waya, wadda ta fito a 2016. Tana sa mutum ya matsar da waya zuwa ɗigo huɗu, ta haɗa hotunan ta cire ƙyalli. Dabarar ta burge ni, kuma don aika wa 'yan uwa da sauri ta isa. Don ajiya kuwa na koma kyamara: fitila biyu, ɗaya a kowane gefe a karkace, ɗaki a duhu. Takarda mai gurza-gurza tana ƙyalli ta kowace fuska, an ce sai da gilashin tace haske a kan fitilu da kan lensi a gicciye. Ban saya ba tukuna, na ajiye irin waɗannan gefe.

1 ga Maris

Akwai hoton kakarmu guda ɗaya tak tana budurwa, a cikin taron mutane, fuskarta ba ta fi ƙwayar wake ba a jikin takardar. Kwana biyu ina ganin tallan shafukan da ke gyara tsohon hoto da ƙirƙirarriyar basira, sai na ɗora shi a ɗaya daga cikinsu. Cikin daƙiƙoƙi ya dawo da fuska tangaran, gashin ido ɗaya-ɗaya, haƙora a jere, fata sumul. Na daɗe ina kallo, raina ya yi fari ƙwarai.

Na tura wa kawuna duka biyun, na ce, "Kawu, barka da yamma. Don Allah a duba min waɗannan, wanne ya fi kama da Inna?"

Bai jima ba ya kira. Ya ce, "Ɗana, wannan mai kyan ba mahaifiyata ba ce. Ina tsagar da ke kumatunta? Kuma ita wushirya gare ta. Wancan mai duhun dai ita ce."

Na koma na ƙara girman na asalin. Tsagar tana nan, ɗan duhu ne da bai fi fiksel kaɗan ba, manhajar ta ɗauke shi a matsayin datti ta share. Wushiryar kuwa ba ta fito ba sam a asalin, don haka ta zuba haƙoran da ta saba gani. Haka waɗannan manhajoji suke aiki. An horar da su da ɗimbin fuskoki, idan aka ba su dusasshiya sai su zana wadda ta fi dacewa da dusashen. Abin da haske bai rubuta a fim ba, babu inda za su samo shi, sai dai su cike da na wasu.

Abin ya tsaya min a rai. Kawu yana raye, ya san fuskar uwarsa. Jikokin da za su buɗe foldar nan nan da shekara talatin ba su da wanda za su tambaya, kuma tsakanin hoto mai kaifi da mai duhu, mai kaifin za su ɗauka su rataye. Na goge shi. Na kuma kafa wa aikin doka: cire ƙura da karce a bango ko tufafi ya halatta, gyara haske da launi ya halatta, amma babu abin da zai taɓa fuska. Duk hoton da aka yi wa wani abu fiye da haka, sai an rubuta a sunan fayil ɗin, kuma asalin yana gefensa.

Akwai kuma tambayar da ban yi wa kaina ba sai bayan na ɗora: ina hoton ya tafi, kuma har yaushe zai zauna a wurinsu? Na karanta sharuɗɗan shafin, ban fito da amsa mai gamsarwa ba.

3 ga Maris

Na gwada masu sanya wa baƙi da fari launi, a kan hoton da babu mutum. Ganye kore, sama shuɗiya, wannan ba wuya. Mota kuwa duk launin da ya zo mata. Fim baƙi da fari yawan haske kawai ya adana, ja da kore suna iya zama toka iri ɗaya. Wannan ma ba zai shiga ajiya ba.

Na ga ana ƙoƙarin magance irin wannan ruɗani daga tushe. Ƙawancen C2PA, da aka kafa a 2021, yana tsara yadda hoto zai riƙa tafiya da sa hannun da ke nuna inda ya fito da abin da aka yi masa, kuma Leica M11-P ta 2023 ce kyamarar farko da ta zo da shi a ciki. Tunanin ya yi min. Tawa ba ta da shi, don haka RAW ɗin da ba a taɓa ba shi ne shaidata.

8 ga Maris

Sunaye da kwanan wata. Kyamara tana rubuta ranar da na ɗauki nagatif ɗin a cikin bayanan Exif, don haka duk manhajar da ta jera hotunan sai ta ce na bana ne. Da ExifTool na Phil Harvey nake sauya ranar zuwa ta ainihi, nadi guda a umarni ɗaya. Inda shekara kawai aka sani, ita nake sawa in rubuta cewa ƙiyasi ne. Rubutun gefen fim yana taimakawa, sunan fim ɗin da lambar kowane hoto suna nan.

Sunan fayil: shekara, lambar nadi, lambar hoto. Lambar nadin na rubuta ta a jikin sabuwar rigar da na sa wa nagatif ɗin, don a iya komawa.

Sunayen mutane kuwa a digiKam nake sa su. Tana gane fuskoki a kan kwamfutata ba tare da ta aika ko'ina ba, kuma na saita ta ta rubuta sunayen a fayilolin XMP da ke gefen hotuna, yadda ko an bar manhajar ba za su ɓace ba. Tana rikita 'yan uwan da suka yi kama, amma tambaya take yi, ni ke tabbatarwa. Wannan irin taimakon na'ura ina maraba da shi. Goggo ce ke warware min waɗanda ban sani ba, kuma wannan ɓangaren ya fi kowanne gaggawa.

11 ga Maris

Ɗauka kawai. Fim ɗin ambulan mai wari sun kammala.

15 ga Maris

Sarari ya fara ƙarewa. TIFF, wato fayil ɗin hoto da ba ya zubar da bayani, mai bit 16 daga megafiksel 24 yana kai 144MB, nadi mai hoto 36 ya haura 5GB ke nan. 15GB da Google ke bayarwa kyauta, wanda Gmail da Drive ma a ciki suke ci, ba zai ɗauki nadi uku ba. Ajiyar hotuna kyauta marar iyaka a Google Photos ta ƙare tun 1 ga Yunin 2021. RAW ɗina kuwa wajen 25MB ne kowanne, nadi bai kai 1GB ba.

Saboda haka na daina fitar da TIFF sai ga hoton da na yi wa gyaran ƙura da hannu. Abin ajiya: RAW, fayil ɗin gyaransa, da JPEG mai inganci a tsarin launi na sRGB wanda kowace na'ura ke nunawa daidai. Kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wajen gida. Na sayi faifan ajiya na waje guda biyu, su ne kashe kuɗi na biyu mafi girma bayan lensi. Ɗaya zai zauna wurin yayata.

Don rabawa, Squoosh ta yi min daɗi. A cikin burauza take rage nauyin hoto, a kan na'urar mutum, tana nuna kafin da bayan gefe da gefe. A WhatsApp kuma na roƙi kowa ya riƙa tura su a matsayin fayil, domin in an tura a matsayin hoto ana matse shi kuma bayanan ranar da na sha wahalar sawa suna zubewa.

20 ga Maris

Wani aboki ya ara min kyamararsa mai fasahar matsar da sensa. Sensa ta yau da kullum kowane fiksel launi ɗaya yake gani, bisa tsarin da Bryce Bayer na Kodak ya yi wa rajista a 1976: rabi kore, rubu'i ja, rubu'i shuɗi, sauran launukan lissafi ne ke cike su daga maƙwabta. Ita wannan tana ɗaukar hoto huɗu tana matsar da sensa da fiksel ɗaya kowane karo, sai kowane wuri ya samu launuka ukun na gaskiya. Abu marar motsi irin fim shi ne ainihin abincinta.

Bambancin yana nan, amma sai na ƙara girma sosai nake ganin sa: ƙwayoyin fim sun fi tsafta, babu ɗigon launin ƙarya a cikinsu. Bayanin hoton kansa bai ƙaru ba, domin lensin ƙananan kyamarorin da aka yi ɗaukar da su tun farko shi ne iyaka. Fayil ya ninka huɗu, kuma ko takun mutum a ɗaki yana ɓata haɗin. Na mayar masa da godiya. Zan sake aro don 'yan nadin baƙi da fari da aka ɗauka da kyamara mai kyau.

Ina riƙe da ita na tuna cewa a Kodak, kamfanin da ya yi yawancin fim ɗin akwatin nan, aka haɗa kyamarar dijital ta farko. Steven Sasson ne ya haɗa ta a 1975, fiksel 100 sau 100, tana ɗaukar daƙiƙa 23 kafin ta rubuta hoto guda a kaset.

29 ga Maris

Masu launi sun kusa ƙarewa a ɗauka, gyara ya kai kusan rabi. Wasu nadin sun koɗe, kuma rinin uku ba sa koɗewa da gudu ɗaya, don haka inuwa takan ja wani launi, haske ya ja wani. Waɗannan sai an bi kowane launi daban, na tara su a folda guda zuwa lokacin da hannuna zai ƙara faɗawa.

Na watan gobe: gilashin tace haske don hotunan takarda masu gurza-gurza, rigunan ajiya marasa asid don sauran nagatif, da gwada faifan da ke wurin yayata ta hanyar dawo da nadi guda daga cikinsa in ga ko ya buɗe. Zan kuma zauna da Kawu da Goggo da kwamfuta a gabanmu, in kunna rikoda, mu bi hotunan taro ɗaya bayan ɗaya, daga na shekarun 1970 zuwa sama.